Mai Riƙe da Albashinka Kada Ya Zama Alƙalinka

Ranar 10 ga Satumban 2001, ana gobe za a kai wa Amurka harin jiragen sama, sakataren tsaron ƙasar na lokacin, Donald Rumsfeld, ya tara ma'aikatansa a Pentagon ya yi musu jawabi. Ya ce akwai wani abokin gaba da ke barazana ga tsaron Amurka, kuma ba a Mosko yake ba, a cikin ginin da suke zaune yake: tsarin aikin ofis na ita kanta Ma'aikatar Tsaro. Ya yi saurin ƙarawa da cewa tsarin yake nufi, ba mutanen ba. Amma duk wanda ya taɓa cin abinci a ƙarƙashin wani ya san cewa ranar da maigida ya ce tsarin gidan ne ya lalace, ranar bara yake fara duba inda ya ajiye komatsansa. Washegari jirgi ya faɗa kan ginin. Mutum 125 suka mutu a cikinsa, 70 daga cikinsu farar hula ne, da yawansu akantoci da masu lissafin kasafin kuɗi da suka zo aiki da safe kamar kullum.

Su waɗannan mutanen nake so mu yi magana a kansu, don in aka ce tsaro, kaki da bindiga ne suke fara zuwa mana a rai. Alhali a bayan kowane soja akwai wani mai farar riga ko mai kayan aiki da bakin mai ya ɓata. A wancan lokacin sun kai kimanin 700,000. Akwai masu walda da ke gyaran jiragen ruwan yaƙi a tashar Norfolk da ta Pearl Harbor, akwai makanikai da ke kwance injin jirgin sama a sansanin Tinker na jihar Oklahoma, akwai masu gyaran tankoki a Anniston ta jihar Alabama, ga injiniyoyi, ga ma'aikatan jinya a asibitocin soja, ga malaman makarantun 'ya'yan sojoji, ga masu sa hannu a kan kwangila. Kaso mai yawa daga cikinsu ma tsofaffin sojoji ne da suka tuɓe kaki suka dawo wa ma'aikatar da wata riga. Ana sauya hafsa daga sansani zuwa sansani duk bayan 'yan shekaru, su kuwa suna nan, su suka san inda kowane waya ya bi da inda kowace takarda take.

A 2003 aka ce za a sauya musu tsarin aiki gaba ɗaya, suka tayar da jijiyar wuya. An kira su raggaye masu tsoron a auna aikinsu. Ni dai na karanta yadda abin ya faro da yadda ya ƙare, kuma ina tare da su. Tsoron da suka ji na mai hankali ne.

Sai mun ɗan koma baya kafin a gane abin da suke karewa. A da, aikin gwamnati a Amurka ganima ce. Jam'iyyar da ta ci zaɓe takan share ofisoshi ta zuba magoya bayanta. A 1881 wani mutum mai suna Charles Guiteau, wanda ya sa wa ransa cewa ya cancanci muƙami saboda hidimar da yake ganin ya yi wa jam'iyya, ya harbi shugaban ƙasa James Garfield a tashar jirgin ƙasa ta Washington. Garfield ya yi jinyar makonni ya mutu. Jinin nan ne ya sa majalisa ta zartar da dokar Pendleton a 1883, wadda ta ce a ɗauki ma'aikaci bisa cancanta, kada kuma a kore shi don ya ƙi yi wa jam'iyya aiki. A 1949 aka kafa jadawalin albashin da ake kira GS, wanda yau yake da matakai 15, kowane mataki da tsani 10. Ma'aikacin da aikinsa ya gamsar yakan hau tsanin farko-farko duk shekara, na tsakiya duk shekara biyu, na ƙarshe duk shekara uku, ya kai ƙololuwar matakinsa cikin shekara 18. A 1978, zamanin Jimmy Carter, aka ƙara wata doka da ta samar da hukumar da ma'aikaci zai kai kukansa in an kore shi ko an rage masa girma, da wata hukumar daban da ke raba gardama tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago. Dukansu biyu suna wajen ma'aikatar da ake ƙara. Wannan "waje" ɗin a riƙe shi, shi ne zuciyar maganar.

Ba zan ce tsarin GS ba shi da aibi ba, don zai zama ƙarya. Mai ƙwazo da mai jan ƙafa sukan hau tsani rana ɗaya. Ɗaukar sabon ma'aikaci yakan ci watanni, har injiniyan da ake nema ya gaji da jira ya tafi kamfani. Shugaban da ke son sallamar wanda ba ya aiki yakan ga tulin takardun da ke gabansa ya haƙura, ya ɗora aikin a kan mai ƙoƙarin da ke kusa. Na taɓa zama a ofis da mutumin da kowa ya san ba ya tsinana komai, muna ɗaukar nauyinsa muna karɓar ƙari iri ɗaya da shi, kuma na san zafin abin. Rumsfeld ya kuma yi kukan cewa saboda taurin tsarin, ana sa sojoji ayyukan da farar hula ya kamata su yi, ko a miƙa su ga 'yan kwangila. Kukan yana da tushe. Ciwon gaskiya ne. Maganin da aka kawo ne nake da ja a kansa.

A watan Nuwamban 2003, Iraki na ci da wuta, shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan dokar kasafin tsaro wadda a cikinta aka ba Pentagon izinin ƙirƙiro nata tsarin ma'aikata, wanda aka sani da NSPS, wato tsarin ma'aikata na tsaron ƙasa. Kalmar "tsaron ƙasa" tana cikin sunan, kuma a wannan yanayi ɗan majalisar da ya yi gardama da abin da aka liƙa wa wannan suna sai ya shirya amsa tambayar kishin ƙasa. An damƙa wa Gordon England, sakataren rundunar ruwa, jagorancin aikin. A watan Fabrairun 2005 aka fitar da daftarin ƙa'idojin.

Ɓangaren albashi shi aka fi tallatawa. Za a rushe matakan nan 15 a mayar da su 'yan faffaɗan rukunai, a daina hawan tsani saboda daɗewa. Duk shekara za a ba ma'aikaci maki daga 1 zuwa 5. Mai maki 3 zai sami kaso ɗaya ko biyu, mai 4 kaso uku ko huɗu, mai 5 kaso biyar ko shida, sai a raba kuɗin da ke cikin wani asusu na rukuninsu bisa yawan kason. A takarda abin gwanin sha'awa ne: wanda ya fi aiki ya fi samu. Wa zai ƙi wannan?

To amma a duba inda kuɗin asusun suke fitowa. Ba wata sabuwar taska aka buɗe ba. Mafi yawansu kuɗin da dā ma za a biya ma'aikatan ne ta hanyar hawan tsani da ƙarin girma da wani ɓangare na ƙarin shekara. Wato an kwashi abin da yake tabbas a aljihun kowa an zuba a ƙwarya ɗaya, an ce a zo a yi gasa. Ƙwaryar kuma ba ta ƙaruwa don mutane sun ƙara ƙwazo. In abokan aikinka da yawa suka sami 5, darajar kowane kaso sai ta faɗi. Nasarar maƙwabcin teburinka ta zama raguwar cefanen gidanka. A wurin sayar da motoci wataƙila irin wannan ta yi amfani. A tashar gyaran jirgin ƙarƙashin teku, inda tsohon ma'aikaci ya kamata ya ja sabo a jiki ya nuna masa abin da ba ya cikin littafi, mene ne ribarsa in ya koya wa wanda gobe zai rage masa rabo?

Sai kuma batun wanda ke ba da makin. Shugabanka na kusa, wanda ya ga aikinka da idonsa, shawara kawai yake bayarwa. Takardar takan wuce zuwa wani kwamiti na manya, waɗanda wataƙila ba su taɓa ganin fuskarka ba, su kwatanta ka da wasu, su ɗaga ko su sauke. Abin da ke gabansu rubutu ne: bayanin da ka yi a kan kanka da wanda shugabanka ya yi a kanka. Nan take gasar ta koma ta iya alƙalami. Ma'aikacin da ya iya tsara magana, ko wanda Allah ya haɗa shi da shugaba mai iya tsara magana, ya sha gaban wanda hannunsa ya fi bakinsa aiki. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Kuma ƙarin da aka hana ka bana ba na bana kaɗai ba ne, don fanshon ma'aikacin tarayya a Amurka ana lissafa shi ne da matsakaicin albashin shekaru uku da ya fi samu. In shugaba ya mayar da kai ɗan bora na 'yan shekaru, har tsufanka kana biyan bashin.

Da a nan aka tsaya, da sai in ce gwaji ne mai haɗari amma ana iya gyara shi. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne sauran abubuwan da aka cusa cikin daftarin, waɗanda ba ruwansu da saka wa mai ƙwazo. An ba ma'aikatar ikon fitar da umarni daga sama da zai shafe abin da aka riga aka sa wa hannu da ƙungiyar ƙwadago. An taƙaita abubuwan da za a iya zama a tattauna a kansu. An ce rikicin ƙwadago zai je gaban wata sabuwar hukuma wadda sakataren tsaro da kansa zai naɗa mambobinta. An ba shi ikon jera wasu laifuka da hukuncinsu kora ce kai tsaye. An kuma ɗaure hannun hukumar ɗaukaka ƙara ta waje, ta yadda zai yi mata wuya ƙwarai ta sassauta hukuncin da ta ga ya yi tsanani.

A tuna fa, ma'aikacin tarayya a Amurka ba shi da ikon yajin aiki. Masu kula da zirga-zirgar jiragen sama sun gwada a 1981, Ronald Reagan ya kori sama da 11,000 daga cikinsu. Galibin ƙungiyoyin ma'aikatan tarayya kuma ba sa cinikin albashi, majalisa ce ke yanka shi. Abin da ya rage musu shi ne magana a kan yanayin aiki: jadawalin dare da rana, yadda ake raba aikin ƙarin lokaci, kayan kariya, yadda za a tura mutum wani gari, da hanyar kai kuka. Ɗan wannan ne aka zo ragewa. Ƙasar da sojojinta ke fagen daga, an ce, ba ta da lokacin zama da ƙungiya. Amma dokar da ke akwai tun 1978 dā ma ta ba shugabanni damar ɗaukar matakin da ya dace a lokacin gaggawa, kuma da wannan tsohon tsarin aka yi yaƙin Tekun Fasha na 1991, aka shiga Afganistan a 2001, aka shiga Iraki a 2003. Jiragen sun tashi, kayan sun isa.

Ga yadda nake kallon lamarin. In za ka ba shugaba iko a kan tuwon gidan ma'aikaci, lokacin ne ya fi kamata ka ƙarfafa ƙofar da ma'aikacin zai ƙwanƙwasa in an zalunce shi. Ikon hagu in ya ƙaru, kariyar dama ta ƙaru. Su kuwa sai suka ƙara ikon suka rage kariyar a takarda ɗaya, rana ɗaya. Wanda ya ba ka maki, ma'aikatarsa ce ta tsara hanyar ƙorafi, shugabansa ne ya naɗa masu sauraro. Ko a zauren mai unguwa ba a yarda wanda ake ƙara ya zaɓi mai yanke hukunci. Ba sai shugaba ya zama mugu ba kafin wannan ya yi ɓarna. Ya isa a ce ma'aikaci ya san in ya zama mugun, babu inda za shi.

Ma'aikatan ba su yi shiru ba. A cikin wa'adin da aka bayar na jin ra'ayin jama'a, saƙonni sama da 58,000 suka shiga. Gaskiya ne da yawa wasiƙa iri ɗaya ce da ƙungiyoyi suka raba wa mambobinsu, amma mutum ba ya sa sunansa a takardar adawa da ma'aikatar da ke biyansa sai abin ya dame shi. Ƙungiyoyin ƙwadago sama da talatin suka haɗa kai, babbarsu AFGE ƙarƙashin John Gage tana gaba. An yi zaman tuntuɓa, ƙungiyoyin suka fito suna cewa an saurare su ne kawai don a ce an saurara. A Nuwamban 2005 aka fitar da ƙa'idojin ƙarshe, suka garzaya kotu. A Fabrairun 2006 alƙali Emmet Sullivan ya dakatar da sassan ƙwadago da na ɗaukaka ƙara. Hujjarsa ita ce wadda makanike mai hankali zai kawo: ba a tabbatar da haƙƙin tattaunawa ba, hukumar da sakatare zai naɗa ba mai zaman kanta ba ce, hanyar ƙorafin kuma ba ta yi adalci ba. A Mayun 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin da rinjayen biyu da ɗaya, kuma wanda ya rubuta shi Brett Kavanaugh ne, wanda yau yake Kotun Ƙoli. Dalilinsa shi ne majalisa ce da kanta ta ba Pentagon wannan iko na wucin gadi. Sai majalisar ta karɓe abinta: a Janairun 2008 aka sa hannu a kan dokar da ta mayar da haƙƙin tattaunawa da na ɗaukaka ƙara, ta cire masu aikin hannu daga tsarin, ta kuma tabbatar wa duk wanda aikinsa bai faɗi ƙasa warwas ba kashi 60 cikin ɗari na ƙarin shekara.

Ɓangaren albashin dai ya ci gaba. An fara da ma'aikata kimanin 11,000 a Afrilun 2006, aka riƙa ƙarawa har suka haura 200,000. Nan ne gani ya kori ji. Ofishin binciken majalisa, GAO, ya duba sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayin da ita ma'aikatar ta yi wa mutanenta. A 2006, kashi 40 cikin ɗari na rukunin farko sun ce suna ganin tsarin zai kawo alheri. A 2007, bayan sun ɗanɗana, suka koma kashi 23. Da raggaye ne kaɗai ke kuka, da adadin bai faɗi haka ba, sai dai in za a ce raggaye sun fi kashi uku cikin huɗu na ma'aikatar da ke riƙe da rundunar da ta fi kowacce ƙarfi a duniya. Ofishin ya kuma ji ƙorafin cewa ana matsa wa shugabanni a boye su tara mutane a maki 3, ko da aikinsu ya wuce nan. Shugabannin su ma sun koka da yawan lokacin da rubuce-rubucen ke cinye musu. Sannan aka bi alƙaluman rabon aka ga fararen fata, a matsakaici, sun fi baƙaƙe da sauran tsiraru samun maki da ƙari. Ba na cewa wani ya zauna ya ƙulla hakan. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma in ka buɗe wa son rai ƙofa, ta inda al'umma ta saba karkata zai karkata. A ƙasar da aikin gwamnatin tarayya ya daɗe yana zama tsanin da iyalan baƙar fata ke hawa su fita daga talauci, daidai saboda jadawalinsa ba ya duban fuska, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A Maris na 2009 gwamnatin Barack Obama ta dakatar da shigar da sababbin mutane. Kwamitin da aka kafa ƙarƙashin Rudy deLeon ya ce a sake gina tsarin daga tushe, ya kuma nuna cewa babu amana tsakanin ɓangarorin. Majalisa ba ta tsaya gyara ba. A Oktoban 2009 aka soke shi, aka ba da wa'adin 1 ga Janairun 2012 a mayar da kowa. Shekara shida, da miliyoyin daloli na horarwa da manhajar kwamfuta, aka dawo inda aka tashi, kuma ciwon asali na GS yana nan ba a taɓa shi ba. Wannan asarar tana mini ciwo, don an ɓata wa gyara suna. Duk wanda ya zo daga baya da maganar biyan ƙwazo, sai a tuna masa da NSPS.

Akwai abin da ya sa na ɗauki wannan batu da zafi fiye da maganar albashi. A Ma'aikatar Tsaro kuɗi ne masu yawan gaske ke wucewa ta ƙarƙashin alƙalamin ma'aikaci farar hula, kuma wani lokaci aikinsa duka shi ne ya ce a'a. A 1968 wani ma'aikacin rundunar sama mai suna Ernest Fitzgerald ya shaida wa kwamitin majalisa cewa kuɗin ƙera jirgin dakon kaya samfurin C-5 ya zarce ƙiyasi da kimanin dala biliyan biyu. Ba a daɗe ba aka ce an soke kujerarsa don tsimin kuɗi. Ya shafe shekara fiye da goma yana shari'a kafin a mayar masa da cikakken matsayinsa a 1982. A daidai lokacin da ake rubuta ƙa'idojin NSPS kuma, ga Bunnatine Greenhouse, babbar jami'ar kwangila ta sashen injiniyoyin soja. Ta ƙi amincewa da yadda aka ba KBR, wanda a lokacin reshe ne na kamfanin Halliburton da mataimakin shugaban ƙasa na wancan lokaci Dick Cheney ya taɓa shugabanta, kwangilar gyaran harkar man Iraki ba tare da gasa ba, har ta rubuta adawarta da hannu a jikin takardar. A Yunin 2005 ta yi bayani a gaban 'yan majalisa. A Agusta aka sauke ta daga muƙaminta. Dalilin da aka bayar: rashin ƙwazo. Matar da a baya ake yaba aikinta. Sai a 2011 gwamnati ta sasanta da ita a kan dala 970,000.

Ita Greenhouse ba a ƙarƙashin NSPS take ba, kuma dukansu biyu an taɓa su ne duk da kariyar da doka ta tanada. Wannan ne ma ya sa labarinsu yake da nauyi. In da katanga ma ana tsallakowa a kama mutum, ina ga an rushe ta? Kuma a lura da makamin da aka yi amfani da shi: ba wanda ya ce mata an sauke ki don kin tona asiri, cewa aka yi aikinki ya ja baya. Takardar maki ita ce wuƙar da ba ta barin jini. Ƙaramin mai duba ingancin kaya da ya ga walda ba ta yi kyau ba, alhali shugabansa na son jirgi ya fita a kan lokaci, yana buƙatar ya san cewa in ya ƙi sa hannu ba zai ga sakamakon a albashinsa na Janairu ba. In bai san haka ba, wata rana zai sa hannun, kuma matuƙan da ke cikin jirgin ne za su biya.

Mu ma a Najeriya mun san ɗanɗanon wannan, ko da yake ta wata hanyar. A 1975 marigayi Janar Murtala Muhammed ya sallami ma'aikata sama da 10,000 cikin ɗan lokaci. Niyyarsa ta tsabtace gwamnati babu mai shakkarta, kuma jama'a sun yi murna. Amma da yawa an sallame su ba tare da an ji ta bakinsu ba, wasu a rediyo suka ji sunansu, kuma tsofaffin ma'aikata har yau suna cewa daga lokacin ne ma'aikaci ya daina ɗaukar kujerarsa a matsayin abin dogaro, ya fara tunanin abin da zai tara kafin a zo kansa. Yanzu da gwamnatin tarayya ta sauya tsohon fom ɗin APER, na kimanta aikin ma'aikaci duk shekara, da sabon tsarin auna ƙwazo, tambayar da zan so a riƙa yi ita ce wadda ma'aikatan Pentagon suka yi: in oga ya ba ni makin da ban yarda da shi ba, gaban wa zan je, kuma wa ya naɗa shi?

Masu goyon bayan NSPS suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma ya kamata a faɗe ta. Tun 1980 rundunar ruwa take gwada faffaɗan rukunin albashi da biyan ƙwazo a cibiyar bincikenta ta China Lake da ke jihar Kalifoniya, kuma gwajin ya ɗore, ma'aikatan suka saba da shi har yawancinsu suka karɓe shi. Ashe ana iyawa. Amma China Lake wuri ne ƙarami, na masana kimiyya da injiniyoyi da suka san aikin juna, an ba abin shekaru yana nuna a hankali, kuma ba a haɗa shi da ƙwace wa kowa haƙƙin kai ƙara ba. Abin da aka shuka a ɗan lambu ana ba shi ruwa da hannu, shi aka ɗebo za a watsa a gonar mutum 700,000 cikin gaggawar yaƙi, tare da gaya wa manoman cewa ba a buƙatar shawararsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da an fara da saurin ɗaukar ma'aikata, da horar da shugabanni yadda ake auna aiki, da sabon kuɗi na lada a kan albashin da yake tabbas, aka bar alƙalin waje a inda yake, ina kyautata zaton da yawa daga cikin masu adawar da sun ba da hannu, don su ne suka fi kowa gajiya da ɗaukar nauyin malalaci.

Maganar ba ta mutu ba. A Oktoban 2020 Donald Trump ya fito da wani rukuni da zai sauƙaƙa korar ma'aikatan da aka ce aikinsu ya shafi tsara manufofi. Joe Biden ya soke shi a 2021, Trump ya dawo da shi ranar da ya koma mulki a Janairun 2025. A Fabrairun shekarar Pentagon ta ba da sanarwar sallamar kimanin ma'aikata 5,400 da ke zangon gwaji, da niyyar rage farar hula da kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. A Maris aka fitar da umarnin da ya cire Ma'aikatar Tsaro da wasu ma'aikatu da dama daga tsarin tattaunawa da ƙungiyoyin ƙwadago, da hujjar tsaron ƙasa, ƙungiyoyin suka sake komawa kotu. A 2005 rage haƙƙin aka so a yi. Wannan karon ɗauke shi aka yi. Mai waldar da ke Norfolk, wanda wataƙila yana sabon ɗauka lokacin da aka yi rigimar farko, yanzu furfura ta fito masa, kuma shi ne ake kira ya duba aikin yara kafin a saki jirgi ya koma teku.